BABBAN GWANGWANIN BARKONO BA SHI NE TSARON GIDA BA: Mu yi tunani kafin mu zuba kuɗin ƙungiya a ciki



Duk wanda ya halarci taronmu na ƙarshen wata ya san maganar da ta cinye mana lokaci. Wasu 'yan uwa sun kawo shawarar a kwashe kuɗin tsaron da muke tarawa tun farkon shekara, a sayo manyan gwangwanayen feshin barkono, a raba wa kowane gida ɗai-ɗai. Har an gayyato wani ɗan kasuwa da samfuri a jaka. Ya ɗaga wani gwangwani mai mariƙi kamar tukunyar kashe gobara, ya ce duk wanda ya mallaki wannan shi da ɓarawo sai labari. Aka tafa masa. An tashi ba a tsayar da magana ba, an ɗage zuwa taro mai zuwa, kuma tun daga ranar zancen bai kwanta ba a zaurenmu na WhatsApp.

Mu a kwamitin gudanarwa ba mu goyi bayan wannan shawara ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za mu faɗi dalilanmu a nan inda kowa zai karanta, domin kuɗin na kowa ne. Akwai gumin mai shago a ciki, da na malamar makaranta, da na ɗan fansho, da na baiwar Allahn da mijinta ya rasu take cire nata kason daga cinikin ƙosai.

Da farko, ba mu raina tsoron kowa ba. Mu ma a garin nan muke kwana. Mun san yadda ƙwacen waya ya sa mutum ba ya iya amsa kira a bakin titi bayan magariba. Mun san yadda faɗan 'yan daba ya sha hana barci a Limawa da Unguwar Daji da Kpakungu da Maitumbi da Barkin Sale, unguwannin da ke cike da mutanen kirki waɗanda tsirarun yara suka ɓata wa suna. Ba mu manta watan Afrilun 2025 ba, lokacin da abin ya kai Gwamna Mohammed Umar Bago ya hana babura da keken haya zirga-zirga a Minna daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, ma'aikata da 'yan kasuwa suka riƙa takawa gida a ƙasa. Wanda ya ga wannan duka ya ce yana neman abin kare kansa, bai yi laifi ba. Abin da muke ja da shi shi ne a ce girman gwangwani shi ne girman tsaro. Wannan magana ce ta mai son sayar da hajarsa, kuma idan muka haɗiye ta ba mu tauna ba, mu za ta shaƙe.

Mu fara da sanin abin da ke cikin gwangwanin. Feshin barkono daban ne da barkonon tsohuwa da 'yan sanda ke harbawa cikin taro. Shi wannan mai ne da ake tatsowa daga barkono na gaske, a cakuɗa shi da ruwa ko wani sinadari, a matse shi da iska a cikin gwangwani. Abin da ke sa shi zafi shi ne sinadarin kafsaisin, wanda shi ne dai ke sa attaruhu ya gigita mutum a miya. Idan ya sami fuska, ido yakan rufe da kansa, hawaye da majina su zubo, tari ya turnuƙe, fata ta ɗauki raɗaɗi. Yawanci abin yakan lafa tsakanin minti 30 zuwa awa guda. Aikinsa ke nan: ya ba ka 'yan sakanni ka tsere. Ba ya sumar da mutum, ba ya ɗaure shi, ba ya kai shi caji ofis.

Ga abin da mai jaka bai gaya mana ba. Ƙarfin feshin ba a girman gwangwani yake ba. Idan ka ga an rubuta OC kashi 10 cikin 100 a jiki, wannan yawan man barkonon ne kawai, bai nuna zafinsa ba. Idan ka ga an jera miliyoyi da haruffan SHU, ma'aunin zafin ɗanyen man ne kafin a tsarma shi. Lambar da ke faɗin gaskiya ita ce wadda ake rubutawa da haruffan MC, wato yawan sinadarin zafin da ke fitowa daga bakin gwangwani, kuma na kare kai yawanci daga kashi 0.18 ne zuwa wajen kashi 1.33 cikin 100. Saboda haka ɗan ƙaramin da ake maƙalawa a zoben makulli, mai nauyin kusan giram 15, yana iya fin wani ƙaton gwangwani zafi. Wanda ya biya kuɗin girma bai duba wannan lamba ba, ya yi cinikin biri a sama.

Za mu yi wa babban gwangwani adalci. Ya fi ƙarami tafiya nesa: ƙaramin yakan tsaya wajen mita 3, babban kuwa yana iya ninka haka ko ya wuce. Ya fi daɗewa yana feshi, kuma idan mutane da yawa ne a gabanka ba zai ƙare maka da wuri ba. Duk wannan gaskiya ne. To amma don wa aka yi shi? Ku dubi 'yan sandan ƙasashen da feshin barkono ke cikin kayan aikinsu na yau da kullum. Wanda suke ratayawa a ɗamara yawanci tsakanin giram 50 ne zuwa 110. Mai mariƙin nan da ya kai wajen giram 400, irin wanda aka ɗaga mana a taro, na tarwatsa cincirindo ne a fili. Akwai kuma wanda ake yi wa masu shiga dazukan Amurka da Kanada don korar manyan namun daji, mai giram 225 zuwa sama. Mutumin da aikinsa ke nan kullum ya zaɓi wanda hannu ɗaya zai zaro, mu da muke zaune ɗaki ciki da falo muna neman na tarwatsa zanga-zanga.

Sai tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa: a ina aka fi cutar da mu? Ku tuna ƙorafe-ƙorafen da ake kawo wa ƙungiya. Kusan duka a hanya ne. Mace ta taso daga Kasuwar Kure da yamma, ɗalibi ya sauka daga motar Gidan Kwano, ma'aikaciyar jinya ta fito aikin dare, dattijo ya nufi masallaci da asuba. Wa zai saɓi gwangwani mai girman fulas ya shiga keke da shi? Sati ɗaya za a yi ana ɗauka, a na biyu a ajiye shi a saman durowa. Ranar da aka tare ka a kwanar layi, shi yana gida yana gadin ƙura.

Ko a hannunka yake ma, lokaci ba ya jira. A shekarar 1983 wani sajan ɗan sanda a Amurka mai suna Dennis Tueller ya gwada ya nuna cewa mai wuƙa yana cin tazarar da ta ɗan haura mita 6 cikin sakan ɗaya da rabi. Sakan ɗaya da rabi bai isa mutum ya zuge jaka ba, balle ya laluba, ya zare makarin, ya juya bakin gwangwani ya saita. Kuma yaran da muke magana a kansu ba ɗai-ɗai suke zuwa ba, sau da yawa kuma a buge suke da ƙwaya. Wanda ƙwaya ta cika wa kai yana iya ci gaba da kai sara ko idonsa a rufe, domin ba ya jin zafi yadda mai hankali ke ji. Ribar feshin ita ce gudu. Wanda babban gwangwani ya sa wa ƙarfin zuciyar tsayawa ya yi fito-na-fito da masu adda da barandami, gwangwanin ya cuce shi.

Za a ce to ai don gida ake so. Mu shiga gidan. Yawancinmu gidan haya muke, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, taga ɗaya mai ƙarfe da raga. Ƙarfe 2 na dare ka ji motsi a falo, ka danna babban gwangwani mai bazuwa kamar hazo, fanka tana juyawa. Cikin ƙiftawar ido abin ya cika ɗakin, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga uwar ɗaki inda jariri ke kwance da uwarsa. Ɓarawo ya san ƙofar da ya shigo, zai lalubi hanya ya fice. Kai da iyalinka ku ne za ku zauna a cikin hayaƙin, ƙofar baya a garƙame da kwaɗo, makulli ba ka ganinsa saboda idonka ya rufe. Idan akwai mai asma a gidan, ko tsoho mai ciwon zuciya, ko jinjiri, abin da aka saya don tsaro shi zai kai ku asibiti cikin dare, a lokacin da samun abin hawa ma aiki ne. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Wannan ba hasashe ba ne. Ranar 17 ga Fabrairun 2003, a wani gidan rawa a birnin Shikago na Amurka, masu gadi suka fesa barkono don raba faɗa. Jama'a suka firgita suka ruga kan matakala guda, mutum 21 suka mutu. Turmutsutsu ne ya kashe su, amma feshi a rufaffen wuri ne ya tayar da shi. Yanzu ku kawo wannan hoton gidan biki a layinmu, ko Islamiyyar dare, ko coci ranar Lahadi, ko ɗakin kallon ƙwallo mai ƙofa ɗaya da matasa suka cika maƙil.

Ai mun ma ga ɗan samfuri da idonmu. Waɗanda suka tsaya bayan an tashi taro za su shaida. Ɗan kasuwar ya fita fili ya ce bari ya ɗan nuna mana nisansa. Ya danna sau ɗaya, iska ta juyo, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Shi da kansa ya fara tari, waɗanda ke kusa suka watse suna share ido, sai da aka zaunar da wani babanmu aka yi ta zuba masa ruwa. Daga baya an yi dariya. Mu ba mu ga abin dariya ba, domin da rana ne, a fili ne, kuma wanda ya fi kowa sanin kayan ne ya riƙe shi. Ina ga yarinya 'yar shekara 16 cikin duhu, hannu na karkarwa, iskar hunturu na kaɗawa?

Yanayin garinmu ma abin dubawa ne. Gwangwani ne mai matsattsiyar iska, kuma masu yin sa suna gargaɗin kada a bar shi a zafin da ya kai digiri 50. A Minna, a watannin Maris da Afrilu, zafi yakan doshi digiri 40 a inuwa. Cikin motar da aka rufe a rana, ko shagon kwano da tsakar rana, ya wuce haka nesa. Gwangwanin yana iya yoyo, yana iya fashewa. Sannan yana da wa'adi, yawanci shekara 2 zuwa 4, bayan haka iskar da ke tura shi takan yi sanyi, ka danna ya ɗiga a kan yatsanka. Ma'ana duk bayan 'yan shekaru sai ƙungiya ta sake tara kuɗi ta sayo wasu. Kuma a kasuwar da ake jabun maganin zazzaɓi da jabun man birki, wa zai ba mu tabbacin abin da ke cikin gwangwanin da ba mu iya buɗewa? Ba za ka gane na bogi ne ba sai daren da ka dogara da shi.

Yanzu ga maganar da ta fi damun mu, kuma muna roƙon iyaye su karanta ta da zuciya ɗaya. Idan muka raba gwangwani a kowane gida, hannun wa zai faɗa? Yaran da ke ƙwacen waya ba daga sama suka faɗo ba. A gidaje suke kwana, wasunsu a layukanmu, kuma kowa ya san haka ko da ba a faɗa a taro. Ranar da muka raba kayan nan, mun ba wa wasu daga cikinsu makamin da ya fi wuƙa sauƙin aiki: a fesa wa mai keke ko mai POS a fuska, a ɗauke abin da za a ɗauka, ba jini, ba ihu, kuma wanda aka cuta ba zai iya cewa ga fuskar wanda ya yi ba. Turawa sun riga mu ɗanɗana wannan. A birnin Turin na Italiya, ranar 3 ga Yunin 2017, ɓarayi suka fesa barkono cikin taron masu kallon wasan ƙarshe na Juventus da Real Madrid a wani dandali don su yi sata cikin ruɗani, mutum sama da 1,500 suka jikkata. A watan Disambar 2018 wani gungun masu fizgar sarƙa suka yi irin haka a gidan rawa a garin Korinaldo, mutum 6 suka rasu, biyar daga ciki yara ne matasa, ta shidan uwa ce da ta rako 'yarta. Da kuɗinmu za mu sayo wa unguwa irin wannan?

Ko ba ɓarawo a gidan, akwai yara. Mun sha jin yaron da ya sha kananzir ko fiya-fiya don an zuba a robar lemo. Gwangwani ja mai maɓalli a sama kuwa, a idon yaro, turare ne ko maganin sauro. Akwai kuma fushi. Faɗan layin famfo, rikicin kuɗin wuta tsakanin 'yan haya, saɓanin kishiyoyi, cacar bakin miji da mata: abubuwan da yau suke ƙarewa da zagi a kawo wa mai unguwa ya sasanta, gobe za su ƙare da feshi a ido. Kwamitin sulhu ya san yawan ƙarar da yake saurare a wata. Ba ma son mu ƙara masa da masu kumburarren ido.

Sai batun doka. Ƙasashen da suka san kayan nan ba su ɗauke shi abin wasa ba. A Ingila, dokar makamai ta 1968 ta sa shi cikin haramtattun makamai, mallakarsa kawai laifi ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka halatta shi, an hana farar hula riƙe gwangwanin da ya wuce kusan giram 70. Wato abin da ake tallata mana a matsayin na gida, a can ma ya fi ƙarfin abin da aka yarda mutum ya riƙe. A nan gida, dokar Final Kod ta ba kowa haƙƙin kare kansa da dukiyarsa, amma ta ɗaure shi da sharaɗi: kada cutarwar ta wuce gwargwadon abin da kariyar ke buƙata. Wanda ya fesa wa maƙwabci don sun yi sa-in-sa, ko ya bi yaron da ya riga ya juya da gudu, ya fita daga kare kai ya shiga cin zarafi. Kuma kada mu manta, a cikin matakan Afrilun 2025 an ce duk wanda aka kama da makami, ko wuƙa ce ko sanda, a ɗauke shi kamar ɗan fashi. A irin wannan gari, ɗanka ya haɗu da 'yan sintiri da dare da gwangwani mai mariƙi a jakar goyo, wane bayani zai yi kafin a saurare shi? Idan kuma aka tambayi wanda ya raba kayan, sunan ƙungiya za a kira, mu da muka sa hannu a takardar fitar da kuɗi mu ne za mu amsa.

Wani ɗan uwa ya rubuta a zaure cewa da halin da jihar ke ciki na 'yan bindiga, gara kowa ya sami abin da ya samu. Muna girmama shi, amma wannan magana tana da haɗari. Waɗanda suka kwashe ɗalibai a makarantar kimiyya ta Kagara a Fabrairun 2021, da waɗanda suka kwashe yaran Islamiyya a Tegina a watan Mayun shekarar, da masu addabar ƙauyukan Shiroro da Munya, da bindigogi suke zuwa. Wanda ya ɗaga gwangwani a gaban mai bindiga ya jawo wa kansa da iyalinsa harsashi. Duk mai sayar da kaya da ya bari mutane suka tafi da wannan tunani don ya yi ciniki, ya ji tsoron Allah.

To, sai mu naɗe hannu? A'a. Ba mu ce feshin barkono banza ne ba, kuma ba mu hana kowa saye da kuɗinsa ba. Ga 'yan uwanmu mata musamman, da duk mai dawowa gida cikin dare, ƙarami mai inganci yana iya zama sanadin kuɓuta. Wanda ya yanke shawarar saye, ga abin da muke ba shi shawara:

1. Ya fara zuwa ofishin 'yan sanda na yankinmu ya ji matsayinsu. Kwamiti ma zai nemi zama da DPO kan wannan, kuma za mu sanar da ku abin da aka ce.

2. Don hanya, ya sayi wanda tafin hannu zai rufe, ya riƙe shi a hannu a wuraren da yake tsoro. Na ƙasan jaka daidai yake da babu.

3. Ya zaɓi mai tsartuwa kamar zare ko mai danƙo da ke manne wa fuska. Su ne iska ba ta cika dawo da su ba. Mai bazuwa kamar hazo kada ya shiga ɗaki.

4. Ya duba lambar MC, da ranar ƙarewar wa'adi, da makarin da ke hana dannawa bisa kuskure. In babu ɗaya daga cikinsu, ya ajiye wa mai kaya kayansa.

5. Ya gwada sau ɗaya a fili, iska na bayansa, ba kowa a gaba, don ya san nisansa da yadda ake buɗe shi cikin duhu.

6. Idan gida ne mai zaman kansa, mai fili tsakanin get da ƙofa, ba ƙananan yara ba mai asma, matsakaici mai danƙo da aka rataye sama kusa da ƙofa yana da ma'ana. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, a haƙura.

7. In ya taɓa wani bisa kuskure, a fitar da shi iska, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta a ido, kada a murza, kada a shafa mai ko man shafawa. In numfashi ya yi wuya, a nufi asibiti ba jira.

Wannan zaɓin mutum ne da aljihunsa. Kuɗin ƙungiya kuwa na abin da zai amfani kowa ne a lokaci guda, har da wanda ke barci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duk mun san inda namu bangon ya tsage. Kwanar bayan makaranta da ba fitila. Kangon da aka bari ciyawa ta rufe, inda ake taruwa ana shaye-shaye. Lungun da ke fita bakin kwata wanda ba shi da ƙofa. 'Yan sintirinmu da ke bin mu bashin alawus, suna yawo da tocila mai mataccen batir. Abin da muke kawowa gaban taro shi ne a sa fitilun sola a wuraren nan masu duhu, a yi wa lungun ƙofar ƙarfe da za a riƙa rufewa da dare, a biya 'yan sintiri haƙƙinsu a kan lokaci, a saya musu tocila da rigar ruwa, a nemi masu kangaye su share ko su katange. Sannan a raba usur a kowane gida, da yarjejeniyar cewa in an busa ɗaya kowa ya busa nasa, ya kunna fitilar waje. Usur ba ya ƙarewa, ba ya fashewa a rana, yaro ya ɗauka ba abin da zai same shi, ɓarawo ya sace ba abin da zai yi da shi. A liƙa lambar ofishin 'yan sanda da ta shugaban sintiri da lambar gaggawa ta ƙasa 112 a bayan kowace ƙofa. Kowane magidanci kuma ya duba sakatarsa da kwaɗonsa, don ƙofa mai ƙarfi tana ba da mintuna, feshi kuwa sakanni yake bayarwa.

Ɓarawo ya fi tsoron haske da hayaniya da unguwar da mutanenta suka san juna. Gwangwani a ƙarƙashin gado yana koya wa kowa ya kulle ƙofarsa ya ji da kansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ma muka kafa ƙungiya tun farko.

Akwai kuma abin da ba za mu bari gwangwani ya mantar da mu ba. Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Ranar da muka yarda cewa maganin matsalarmu shi ne kowa ya sayi barkonon aljihunsa, mun sauke wa hukuma nauyinta da hannunmu. Muna son sintirin 'yan sanda ya riƙa shigowa cikin layuka, ba bakin babban titi kawai ba. Muna son wanda aka kama da shaida ya fuskanci shari'a, kada mu gan shi a majalisar mai shayi bayan kwana biyu yana nuna wanda ya kai ƙararsa da yatsa. Muna son a bi masu sayar wa yaranmu ƙwaya har inda suke. Muna son 'yan siyasar da ke tara yaran nan lokacin kamfe su san muna ganinsu. Mu iyaye kuma mu daina rufa wa namu asiri. Wanda ɗansa ya shigo da wayar da bai saya masa ba, ya yi shiru, to da shi ake yi.

Ga 'yan uwanmu da suka kawo shawarar, mun san alheri kuke nufi, kuma wasunku abin ya taɓa ku a jikinku ko a 'ya'yanku. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku zo da hujjojinku, mu zo da namu, jama'a su yi hukunci. Abin da taro ya yanke shi za mu rubuta, shi za mu aiwatar, ko ya saɓa wa ra'ayinmu. Amma ba za mu yi shiru a zuba gumin talakawa a abin da zai ƙare a saman durowa, ko a idon jariri, ko a hannun ɗan daba ba.

Muna roƙon kowane gida ya turo wakili taro mai zuwa, a wurin da muka saba, bayan la'asar. Iyayenmu mata, muna buƙatar muryarku musamman, don ku ne kuka fi kowa sanin lungun da ake tsoro da kuma abin da yaro ke iya ɗauka in an juya baya. Ma'aji zai zo da littafin kuɗi da kiyasin farashin fitilu da ƙofa, kowa ya gani da idonsa kafin a ɗaga hannu.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Minna da Jihar Neja da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin Kwamitin Gudanarwa.